Bashin Naira Sha Huɗu

Kwana arba'in da rufe Baba
muka buɗe akwatin ƙarfen nan
mai warin kafur da tsohon yadi.
Babu zinari. Katin masaƙar Kakuri,
hotonsa da suma fal a kai,
sai littafin cefane, bangonsa ya sha maiƙo.

Baba bai yarda da ƙwaƙwalwa ba,
komai sai biro:
mudun shinkafa, kwabo talatin;
kananzir kwalba ɗaya, kwabo biyar;
bas zuwa Kawo da dawowa, sule biyu.
Har lokacin bakinsa bai saki sule ba.

Na riƙa juya shafi
ina kallon sifiri na haihuwa kamar ɓera a rumbu.
Mudun bai ƙara girma ba,
shi ne dai na Inna, mai lotsawa a gindi,
amma lambar da ke gabansa
ta yi rarrafe, ta miƙe, ta sheƙa,
har ta tsallake layin da Baba ya ja mata.
Shekarar da aka garƙame masaƙa
rubutun ya ƙanƙance.
Nama ya fita daga shafi
ko sallama bai yi ba.

Can baya, da jan biro:
"Barau mai gyaran keke yana bina naira sha huɗu.
Ragon sunan Sagiru."
Ni ne Sagiru.
Ba a soke layin ba.

Ƙanena Mudi ya ƙyalƙyale:
"Lamba ai lamba ce, Yaya,
abin da aka karɓa shi ake mayarwa."
Na laluba aljihu.
Sha huɗu ba ta ɗauko ledar ruwa,
yaron shago ko kai ba zai ɗaga mata ba.
Huɗun ma, a ina zan samo ta?
Rabona da ganin naira ɗaya
tun ɗiyata tana wasan 'yar carafke da ita.

Ran Asabar na bi ta Zango,
na dafa wani rago, matsakaici, mai baƙin wuya.
Dillali ya ce dubu ɗari da tamanin, albarka.
Albashina na wata biyu a makarantar firamare.
Ragon ya ci gaba da tuƙa.
Ƙaho biyu, ƙafa huɗu,
kamar wanda aka yanka mini.
Shi bai sauya ba.
Takarda ce ta rame a hannunmu,
kullum ana ƙara mata lamba
kamar majinyacin da ake ƙara wa riga.

Barau ya daɗe da komawa.
'Yarsa Asabe na suyar ƙosai a Kabala,
inda ake jiyo motoci a kan gada.
Na karanta mata layin.
Ta juya ƙosai, ta juya wani,
sannan ta ce, "Na tuna.
Kuɗin taya da sarƙa ne na wata guda.
Sati uku muka sha koko ba sukari,
babanmu yana cewa
maƙwabci ya samu ɗa namiji, ku yi haƙuri."

To, da wane mudu ake auna wannan?
Sati uku na bakin yarinya,
nawa ne a kuɗin yau?

Na ajiye ambulan kusa da kaskon.
Bai kai rago ba, ban ɓoye mata ba,
cinya biyu, wataƙila da wuya.
Sauran zan riƙa kawowa duk ƙarshen wata,
idan farashin bai riga ni gudu ba.
Ba ta ƙirga ba.
Ta ƙulla mini ƙosai bakwai a takarda
ta ƙi karɓar ko sisi,
sisin da ni da ita ba mu san inda ya kwana ba.

A hanyar gida na tsaya na sayi jan biro
don ranar da zan soke layin Baba.
Naira ɗari.
Bashin nan sau bakwai,
da canjin naira biyu
wanda babu mai ba ni.